Wa Ke Rubuta Ƙaryar da Ke Cikin Littafin Direba?

Maganarmu ta wannan mako a kan direbobin manyan motoci ce, domin babu wani a sahun nan da abincinsa bai biyo ta hannunsu ba. Mai shago a Yelwan Tudu, mai rumfa a Wunti ko Muda Lawal, ɗan gwari, mai kai shanu kudu, duk tirela muke jira ko muke sallama.

Ga tambayar. Direba ya tashi daga Bauchi bayan la'asar, bai runtsa ba har ya wuce Lokoja, amma a littafin tafiyarsa ya rubuta cewa ya kwana awa shida a Akwanga. Ya isa Legas lafiya, kaya lafiya, ba wanda ya ko ƙuje. Ya yi laifi? In laifi ne, nasa ne shi kaɗai?

Bari mu fara da abin da littafin yake. Direba na rubuta lokacin da ya tashi, inda ya tsaya, awa nawa ya huta. A Turai wata na'ura ce a cikin mota take wannan aiki, kuma ƙa'idarsu awa 9 a kan sitiyari a rana, da hutun minti 45 bayan awa huɗu da rabi. A Amurka awa 11 ne, sannan hutun awa 10, kuma tun Disamba 2017 suka tilasta na'ura a maimakon biro, don sun gaji da littafin da ake cikawa a tasha bayan an gama tafiya. A nan gida muna da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, tun 1988, kuma ta sha nanata cewa direba ya tsaya ya huta bayan kowace awa huɗu. Manyan kamfanoni na siminti da na mai suna bin sawun motocinsu. Amma yawancin motocin da ke ɗaukar mana kaya, littafinsu shi ne bakin direba: abin da ya gaya wa maigidansa a waya. To, ƙarya a baki da ƙarya a takarda duk uwarsu ɗaya.

Wani zai ce ai ba a cuci kowa ba. Mu muna ganin an cuta, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa gane yadda aka yi. Ku tuna mudun da aka buga wa gindi. Wanda ya auna da shi sau ɗaya bai kashe kowa ba, amma ya ɓata ma'auni, gobe duk mai mudun gaskiya shi za a ce ya yi tsada. Haka littafin nan yake. Ranar da direba ɗaya ya nuna cewa ana iya kwana a hanya a kuma isa kasuwar Mile 12 a lokacin da ya isa, ya sa wa sauran direbobi igiya a wuya. Mai mota zai ce wa na gaba, wane ya yi, kai me ya hana ka? Shi kuwa na gaban, da ya tsaya ya yi barci na gaskiya, shi ne rago, shi za a hana lodi. Ƙaryar mutum ɗaya ta zama awon da ake yi wa kowa.

Kuma isa lafiya ba hujja ba ce. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa, idan direba ya yi gyangyaɗi na daƙiƙa huɗu kacal, ta ci kusan mita 67 ba kowa a kan sitiyari. A tuna wannan a gangaren Hawan Kibo, da tan talatin a baya. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa kamar na wanda ya sha giya. Abin a duba ne: bawan Allah bai taɓa kai kwalba baki ba, ba ya wasa da salla, amma ga shi yana tuƙi irin na mashayi. Goro da shayi mai kauri ba sa biyan bashin barci, suna ɗaga ranar biya ne kawai. Ƙwaya kuwa, irin su tiramol, ba sai mun faɗa ba.

Yanzu a yi wa direba adalci, don akwai abin faɗi a ɓangarensa. Sau da yawa kuɗinsa a kan zuwa yake, ba a kan wata ba. Shingayen hanya suna cinye masa awanni. Akwai dajin da ba mai hankalin da zai kashe mota a cikinsa da dare, ko da awa huɗunsa sun cika a nan. Tumatir ba ya jira, shanu suna galabaita a rana. Dokar da aka tsara a ƙasar da ke da wuraren hutawa a kowace hanya ba za ta zauna daidai a kan hanyar Jos ba. Duk mun yarda. Amma wannan uzuri ne na wuce lokaci, ba uzurin rubuta ƙarya ba ne. Ya rubuta: na wuce wuri kaza ban tsaya ba saboda tsaro, na huta a gari kaza. Wannan rubutun shi zai kare shi ran da aka zo bincike, kuma shi zai nuna wa mai mota cewa hanyar nan ta direba biyu ce.

Saura ɓangaren da ya fi shafar masu karanta wannan takarda. Hannun direba ne ke riƙe biro, amma wa ke yi masa shifta? Mai kayan da ya ce in ka kai kafin kasuwa ta ci akwai naka na musamman, in ka makara a cire a kuɗinka. Mai kayan da ke bugo waya ƙarfe biyu na dare, wai kana ina, ya ji an ce an tsaya sai ya hau faɗa. Wannan bai ce a yi ƙarya ba, amma ya sa mata farashi, ya kuma biya. In abu ya faru sai a ce ƙaddara ce, a yi gaisuwa, a nemi wata mota. Malamai sun yi dogon bayani a kan kisan kuskure, da diyyarsa da kaffararsa, wannan fagensu ne. Amma ko a lissafin kasuwa, wanda ya ba da kuɗi a yi abu ba ya cewa ba ruwansa da abin.

A ranar lodi ake gyara wannan. Mai kaya da direba su zauna kafin a ɗaura tampol, su yanke garin da za a kwana, a rubuta shi a takardar kaya. In kayan gwari ne da ba sa jira, a haɗa kuɗin direba na biyu a cikin kuɗin mota, masu kwanduna su raba a tsakaninsu, kuma ya zama direba mai lasisi, ba yaron mota da ake miƙa wa sitiyari in dare ya raba ba. Wanda kuma ya matsu ya ji labarin kayansa, ya bari sai bayan sallar asuba ya kira.