Shin Shiru Tsakanin Makusanta Tsira Ne?

Tun daga ranar da almajiri ya fara durƙusawa gaban malaminsa a zaure, har zuwa ranar da shi ma za a zo a durƙusa gabansa, babu horon da ke yawan shiga kunnensa kamar horon tsare harshe. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya keɓe babi guda cikin Ihya'u Ulumiddini ga cututtukan harshe, ya ƙidaya su har 20, a cikinsu akwai ƙarya, da giba, da annamimanci, da jayayya, da izgili, da tona asiri. Magabatanmu kuwa suka dunƙule wannan duka suka ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Babu mai hankalin da zai yi musun wannan. Amma akwai wata mas'ala da ke ɓoye a ƙarƙashinsa, wadda ba a cika tayar da ita ba, ita ce: mutumin da ya shiga gidansa bayan Lisha, bai zagi kowa ba, bai yi da kowa ba, bai kuma ce wa iyalinsa kome ba face a kawo abinci, ya yi haka yau, ya yi gobe, har shekaru suka tura, shin ya tsira ke nan, ko kuwa ya kuɓuta daga wani zunubi ne ya faɗa cikin wani?

Abin da ke sa mutane su zaci shiru shi ne mafi aminci, shi ne ganin irin nauyin da shari'a ta ɗora wa lafazi a cikin mu'amalar makusanta. Da kalmomi kaɗan tsakanin waliyyi da wakili, a gaban shaidu, mace ke halatta ga wanda jiya haramun ne ya keɓe da ita, da kalma ɗaya kuma igiya ke tsinkewa. Kalma ɗaya ce ta fita daga bakin Ausu ɗan Samitu cikin fushi, ya kwatanta matarsa Haulatu da mahaifiyarsa, har al'amarin ya kai ga saukar farkon Suratul Mujadala da hukuncin zihari. To, wanda ya ga haka yana iya cewa gara ya kulle bakinsa ya huta. Sai dai shari'ar da ta nauyaya magana ba ta taɓa ɗaukar rashinta abu mai sauƙi ba, hasali ma ta lissafa shi cikin uƙuba, kuma babu hujjar da ta fi ƙissar Ka'abu ɗan Maliku bayyana wannan.

A shekara ta 9 bayan Hijira aka yi fitar Tabuka cikin tsananin zafi da nisan tafiya, mutum uku daga cikin muminai na gaskiya suka zauna gida ba da wani uzuri ba, su ne Ka'abu ɗan Maliku, da Muraratu ɗan Rabi'u, da Hilalu ɗan Umayya. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya komo Madina, munafukai suka yi ta kawo uzurorin ƙarya ana karɓar zahirinsu, su kuwa ukun nan suka faɗi gaskiya. Ba a yi musu bulala ba, ba a ɗaure su ba, ba a karɓe dukiyarsu ba. Abin da aka yi kawai shi ne aka hana jama'a yi musu magana. Ka'abu, kamar yadda Buhari da Muslimu suka ruwaito daga bakinsa, yana fita kasuwa, yana halartar salla, ba mai ce masa kanzil, har wata rana ya haura katangar gonar Abu Ƙatada, ɗan baffansa, wanda ya fi so cikin mutane, ya yi masa sallama bai amsa ba, ya haɗa shi da Allah har sau uku ko ya san shi mai son Allah da Manzonsa ne, bai sami amsar da ta wuce mayar da sani ga Allah da Manzonsa ba, sai ya juya yana zubar da hawaye. Bayan dare 40 aka umurce su da nisantar matansu, bayan dare 50 aka saukar da karɓar tubarsu cikin Suratut Tauba, inda aka siffanta halinsu da cewa ƙasa duk da faɗinta ta yi musu ƙunci. In har wannan shi ne horon da aka zaɓa wa laifin ƙin fita jihadi, kuma ya gigita jarumi mawaƙi kamar Ka'abu cikin ƙasa da wata biyu, mai hankali sai ya auna abin da yake yi sa'ad da ya ɗora irinsa a kan matarsa don miya ta yi gishiri, ko a kan ƙaninsa don iyakar gona.

Saboda haka ne shari'a ta yanka wa shiru ajali. Ba ya halatta ga Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, kuma mafi alherin su biyun shi ne wanda ya fara yin sallama. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya kawo wannan hukunci cikin Risala, littafin da kusan kowane ɗalibin fiƙihu a ƙasar nan ya sauke, ya kuma ƙara da cewa sallama tana fid da mutum daga haramcin gaba, amma bai kamata ya tsaya nan ya ci gaba da ƙin magana ba. Wanda ya yi rantsuwar nisantar matarsa, wato ila'i, wata huɗu aka ba shi, in sun cika alƙali ya tsayar da shi, ko ya koma ko ya sallame ta. Ko Annabi da kansa, sa'ad da ya ƙaurace wa matansa, kwana 29 ya yi, ya kuma rufe al'amarin da magana a sarari, ya ba kowace zaɓi, ya fara da Nana A'isha. Ke nan shirun da shari'a ta yarda da shi tsakanin makusanta yana da dalili sananne, da iyaka sananniya, kuma zance ne ƙarshensa.

Wani zai ce, ai mu mutane ne masu kunya, kunya kuwa reshe ce ta imani. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, suruki yana kauce wa surukarsa a hanya, kuma da haka kakanninmu suka zauna lafiya. Wannan gaskiya ne, amma wanda ya lura zai ga cewa al'adar da ta rufe ƙofa ɗaya ta bar wasu a buɗe. Matar da ba ta kiran suna tana cewa Malam, ko Maigida, ko Baban wane, da muryar da ke sanar da shi matsayinsa a zuciyarta. Ɗan farin da uwarsa ke yi wa alkunya yana da kaka da goggo waɗanda zai faɗa wa abin da ke ransa. Surukin da ba ya haɗa ido da surukarsa ba ya fasa zuwa gaisuwa ran Juma'a, ya tsuguna daga nesa, ya aika da goro. Kunya tana sauya hanyar saƙo ne kawai, alhali gaba tana yanke saƙon ɗungurungum. Inda cutar take shi ne sa'ad da girman kai ya ari rigar kunya, har maigida ya ga ƙasƙanci ne ya zauna hira da iyalinsa, ko ya nemi shawararsu, ko ya ce ya yi kuskure. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin Nurul Albabi, ya zargi malaman zamaninsa da ke karantar da ɗalibai safe da yamma alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma ai wannan ma wani nau'i ne na rowar magana ga wanda ya fi cancantarta.

Ƙorafin da aka hana shi fita ta baki kuwa ba ya mutuwa, sai ya nemi wata kafa. Daga nan ne habaici ke samo asali, da gugar zana a tsakar gida, da waƙar da ake rerawa a bakin turmi don kishiya ta ji, har a wayi gari mace ta yi yaji, a tara dattawa su tafi biko, su shafe yini suna warware maganar da mutum biyu za su iya gamawa a ɗaki tun tana ƙarama.

Sa'an nan rabin magana sauraro ne, kuma a nan ma sunna ta isa abin koyi. Manzon Allah ya gaya wa Nana A'isha cewa yana gane lokacin da take murna da shi da lokacin da take fushi, domin in tana murna da Ubangijin Muhammadu take rantsuwa, in kuwa ta yi fushi sai ta rantse da Ubangijin Ibrahimu. Wanda ke ɗauke da al'amarin al'umma gaba ɗaya bai rasa natsuwar lura da sauyin suna ɗaya a bakin matarsa ba. A ranar Hudaibiyya, cikin shekara ta 6, da sahabbai suka yi nauyin jiki wajen yanka hadaya da aski saboda baƙin cikin sharuɗɗan sulhu, wurin matarsa Ummu Salama ya shiga ya faɗa mata abin da ya dame shi, ita ce kuma ta ba shi shawarar ya fita ya fara da kansa, ya yi haka, jama'a suka bi. Da bai saba buɗe mata zuciyarsa ba, da shawarar nan ba ta sami hanyar fitowa ba.

Amsar mas'alarmu ke nan: shirun da malamai suka yaba shi ne kame baki daga ɓarna, daga naman mutane da asirin gida da abin da babu ruwanka, amma kyakkyawar magana ga mata da miji, da iyaye da 'ya'ya, da 'yan'uwa na jini, haƙƙi ce a wuyan mutum tare da ci da sha da sutura, domin tana cikin zama da kyautatawa wanda Alƙur'ani ya yi umurni da shi. Wanda ya tsare harshensa daga giba sa'an nan ya hana iyalinsa wannan haƙƙi, ya sauke rabin abin da ke kansa ne, za a kuwa tambaye shi sauran. Allah Ya ba mu ikon faɗin alheri a inda ya wajaba, da yin shiru a inda ya kamata.