Dokar Abokin Hamayya, Ciwon Kowa

Ni ɗan adawa ne, duk unguwarmu ta Kolere a Mubi an san haka, kuma ban taɓa jefa wa Muhammadu Buhari ƙuri'a ba. Shi ya sa tambayar nan ta tsaya mini a rai: idan wanda ba ka so ya kafa doka da sunan marasa lafiya, ya halatta ka yi fatan ta rushe don a ce ya gaza?

A watan Mayun 2022 Buhari ya sa hannu kan dokar NHIA, wadda ta maye gurbin tsarin NHIS da ya fara aiki a 2005 zamanin Obasanjo. Sabon abin da ta zo da shi tilas ne, kowa sai ya shiga inshorar lafiya, tare da alƙawarin asusun da zai ɗauki nauyin talakawa miliyan 83.

Makamin da ya fi kusa da hannun ɗan siyasar Arewa shi ne ya ce haramun ce. Maganar tana da tushe, don malamai sun daɗe suna ganin garari da kamannin caca a inshorar da kamfani ke yi don riba. Amma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, da ta hana wannan, a zama guda ta halatta ta taimakekeniya. Bukhari da Muslim sun ruwaito yabon da Manzon Allah (SAW) ya yi wa Ash'ariyyawa, masu tara ɗan guzurinsu a mayafi ɗaya idan abinci ya yi ƙaranci, su raba daidai. A kan wannan fahimta Kano ta kira hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, haka ma tamu ta Adamawa, ASCHMA. Wanda ya hau mumbarin kamfe ya karanto rabin fatawa ya haɗiye rabi, ya ci amanar ilimi. Mu da muka tsere wa masu tada ƙayar baya daga Mubi da ƙafa a Oktoban 2014 mun ga abin da kalmar haram ke yi a bakin da bai san nauyinta ba.

Wata hanyar ita ce fushi. A Gana an gwada ta. A 2003, da gwamnatin John Kufuor ta kawo dokar inshora don kawar da tsarin biya kafin a duba ka, 'yan majalisar jam'iyyar adawa ta NDC suka fice daga zauren, dokar ta wuce ba su nan. Da mulki ya dawo hannunsu a 2009 ba su soke ta ba, gyara suka yi mata a 2012. Gyaran da za su iya nema tun ranar farko da sun zauna a kujerunsu.

A Suratul Ma'ida, aya ta 8, an hana mu barin ƙin wasu mutane ya kai mu ga rashin adalci. Na fahimci ayar ta ɗaure ni ta fuska biyu. Ba zan ƙaryata alherin dokar ba, ba kuma zan yi shiru kan ɓarnarta ba, don shirun zalunci ne ga mai jinya. Ba ka fasa adashi don ka tsani uwar adashi, littafinta kake cewa ta buɗe.

Littafin kuwa akwai abin dubawa. Ma'aikaci ana yanke masa daga albashi, to gwamnati tana zuba nata kason? Mai Keke Napep da ɗan dako a kasuwar shanu ba su da albashin da za a yanka, wane tilas ne zai hau kansu? Tun 2014, zamanin Jonathan, doka ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko; nawa ya iso ƙaramin asibitin mazaɓa? Na raka wata 'yar'uwata asibiti da katin inshorarta a hannu, aka duba ta kyauta, sannan aka rubuta mata takarda aka ce maganin babu, ta je kemis. Dokar ba ta ce a yi haka ba. Wani ne ya karɓi kuɗi bai sayo magani ba.

A taronmu na mazaɓa na ba da shawara ɗan majalisarmu ya nemi a riƙa liƙa takarda a ƙofar kowane asibiti duk wata uku: sunayen magungunan da kati ke biya, da kuɗin da ya shigo, da ranar da ya shigo. Shugaban matasa ya ce wannan ai gyara wa gwamnati aiki ne, ba zai kawo mana ƙuri'a ba. Na ce masa ya saka ta cikin ajandar taro mai zuwa duk da haka.