Matafiyin Kwana Uku: Abin da Shari'a Ta Sauƙaƙa Masa da Abin da Ta Bari a Wuyansa

Gajeriyar tafiyar aiki ita ce wadda ma'aikaci ko ɗan kasuwa zai bar garinsa zuwa wani birni, ya yi kwana biyu ko uku, ya halarci taro ko ya duba wani aiki, sannan ya juyo gida. A Arewacin Nijeriya fitaccen misalinta shi ne zuwa Abuja. Tun da gwamnatin tarayya ta tare can daga Legas a watan Disamba na 1991, kusan duk mai takardar da ke jiran sa hannu a wata ma'aikatar tarayya sai ya taka birnin. Daga Kano tafiyar ta haura kilomita 400 a mota ta Zariya da Kaduna, a jirgin sama kuwa ba ta fi awa guda ba. Wanda ya iso yakan sauka a otal a Wuse ko Garki, ya ci abin da aka dafa masa, ya kwana a ɗaki mai na'urar sanyaya iska. Daga nan tambayar take tasowa: mutumin da ke cikin irin wannan jin daɗi, matafiyi ne a idon shari'a? In kuwa matafiyi ne, me aka ɗauke masa, me kuma aka bari a kansa?

Mazhabar Malikiyya, wadda yawancin Hausawa suka tashi a kanta, ta ɗora hukuncin a kan nisa da niyya. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ta ƙayyade nisan ƙasaru da mil 48, abin da malaman wannan zamani ke ƙiyastawa da kilomita 80 da 'yan kai. Saboda haka Bakanon da ya je Wudil ya dawo ba zai yi ƙasaru ba, amma mai zuwa Zariya ko Kaduna ko Abuja zai mayar da azahar da la'asar da isha'i raka'a biyu-biyu. Magariba da asuba suna nan yadda suke. Ƙasarun yana farawa ne bayan an wuce gidajen gari, ba daga ƙofar gida ba, kuma a wurin Malikiyya sunna ce mai ƙarfi. Hanafiyya sun ɗauke shi wajibi.

Maganar kwanaki ita ta fi rikita mutane. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya ya fita daga hukuncin matafiyi tun isarsa, kuma ranar da ya shiga gari bayan fitowar alfijir ba a lissafa ta. Idan ma'aikaci ya sauka Abuja ranar Litinin da hantsi, zai kuma tashi ranar Alhamis da yamma, Talata da Laraba ne kawai cikakkun kwanakinsa, don haka ƙasaru zai yi har ya bar birnin. Idan ya san sai Asabar zai tashi, ya cika sallarsa tun daga Litinin ɗin. Akwai kuma mutum na uku, wanda duk mai bin fayil a ma'aikata ya san shi: kullum ana ce masa darakta ya fita, ya dawo gobe. Wannan bai ƙulla niyyar zama ba, jakarsa a ɗaure take, don haka zai ci gaba da ƙasaru ko da jiran ya kai shi mako biyu. Malamai suna kafa hujja a nan da zaman da Annabi (SAW) ya yi a Makka a shekarar da aka buɗe ta, kwana 19 yana ƙasaru kamar yadda Ibn Abbas ya ruwaito. Hanafiyya sun sa iyakar niyyar zama a kwana 15, Ibn Taimiyya kuma ya tafi a kan cewa al'ada ce ke tantance abin da ake kira tafiya. Wani reshe da ya shafi Hausawa da yawa shi ne cewa a Malikiyya shiga garin da mutum yake da matar da ta tare yana yanke hukuncin tafiya, ko da kwana ɗaya zai yi.

A nan ne wasu masu tsantseni ke jin nauyi. Sukan ce ƙasaru na mutanen da ne, fataken da suke shafe watanni da jakuna a hanyar Gwanja, ba na wanda ya karya kumallo a Kano ya yi sallar azahar a Masallacin Ƙasa ba. Wannan tunani ya fito daga zuciya mai kyau, amma malaman usulul fiƙihu sun daɗe da amsa shi. Wahala ita ce hikimar rangwamen, sai dai wahala ba ta da ma'auni, domin abin da ya jigata wani bai taɓa wani ba. Shi ya sa aka rataya hukuncin a kan abin da kowa zai iya gani ya auna, wato tafiyar kanta. Mai gasa burodi da ke tsaye gaban wuta a watan azumi ya fi fasinjan jirgi shan wuya nesa ba kusa ba, amma shi ba zai rage raka'a ko ɗaya ba. Tambaya makamanciyar wannan ta taso tun zamanin sahabbai. Aya ta 101 a Suratun Nisa'i ta ambaci ƙasaru tare da tsoron abokan gaba, sai Ya'ala bin Umayya ya tambayi Sayyidina Umar dalilin ci gaba da yin sa bayan an sami aminci. Umar ya ce shi ma ya taɓa tambayar Annabi (SAW), aka shaida masa cewa sadaka ce daga Allah, a karɓa. Wanda ya ƙi karɓar kyautar Ubangijinsa don ganin bai sha wuyar da ta cancance ta ba, ya ɗauka da guminsa yake sayen rahama, kuma wannan kuskure ne da ya fi barin raka'a biyu girma.

Sauran sauƙaƙe-sauƙaƙen sanannu ne. Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi ba, ko da yake in ya halarta ta isar masa. Yana iya haɗa salla biyu a kan hanya. Yana iya ajiye azumin Ramadan ya rama daga baya, amma Malikiyya sun fifita yin azumin ga mai iko, kuma wanda alfijir ya keto masa yana gida ba zai sha azumin wannan rana ba don kawai jirginsa na ƙarfe bakwai na safe ne. In ya bi limamin gari a masallacin ma'aikata, sai ya cika raka'a huɗu tare da shi.

Wanda ya lura da wannan jeri zai ga abu ɗaya: duk abin da aka rage haƙƙin Allah ne. Babu wani wuri a littattafan fiƙihu da aka ce matafiyi yana iya rage bashin da ake bin sa, ko ya sassauta amanar da ke hannunsa. Nan ne gajeriyar tafiyar aiki take da haɗari, domin masaukinta da abincinta galibi ba daga aljihun matafiyin suke fitowa ba.

Kuɗin tafiya iri biyu ne, kuma hukuncinsu ya bambanta. Akwai alawus ɗin da ake yanke wa ma'aikaci gwargwadon matsayinsa a kan kowane dare, wanda ma'aikatan gwamnati ke kira DTA. Wannan an mallaka masa ne. In ya ga dama ya sauka gidan ɗan'uwansa a Kubwa ko Mararaba, ya ci tuwon gida, ya adana rarar, babu laifi, muddin ya yi tafiyar kuma ya kwana adadin dararen da aka biya shi. Akwai kuma tsarin da kamfanoni da ƙungiyoyi da yawa ke bi, inda mutum zai kashe ya kawo rasit a biya shi, ko a ba shi kuɗi ya dawo ya yi bayanin yadda ya kashe su. A nan shi wakili ne, kuma wakili ba ya cin riba a bayan wanda ya wakilta shi. Abin da ke faruwa a teburin karɓar baƙi na otal da yawa abin takaici ne: ma'aikacin otal ya ɗaga biro ya tambayi baƙo nawa zai rubuta, baƙon ya faɗi abin da ya ninka kuɗin ɗakin, a buga hatimi. Haka wanda ya karɓi kuɗin kwana biyar ya gama aikinsa a kwana biyu ya koma gida ya yi shiru. Mutum zai iya yin ƙasarunsa daidai da Risala a cikin ɗakin nan, ya fito ya karɓi rasit ɗin ƙarya, kuma na biyun ne zai fi wuyar warwarewa, domin haƙƙin mutane ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai sai an mayar wa masu shi.

Lamarin ya fi tsanani ga wanda aka tura duba aiki. Mai binciken kuɗi ko injiniyan da zai tantance kwangila yakan tarar waɗanda zai bincika sun riga sun biya masa otal, sun shirya liyafar dare, sun ajiye ƙunshin kilishi da ambulan na kuɗin mai. Hadisin Ibnul Lutbiyya, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, a kan wannan ya sauka kai tsaye. An aike shi karɓar zakka, da ya dawo sai ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa. Annabi (SAW) ya hau mumbari ya yi tir da haka, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da ya ga ko kyautar za ta zo masa. Ma'aunin ke nan, kuma mai sauƙin amfani ne: abin da ba don kujerar ba da ba a bayar da shi ba, na kujerar ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin munanan al'adun da ya soka a Kitabul Farƙ. Canza mata suna zuwa karamci bai canza abin da take yi wa alƙalamin mai rubuta rahoto ba.

Wannan ba ya rage darajar karɓar baƙo, wadda Hausawa suka riƙe har suke cewa baƙonka annabinka. Hadisi ya sa liyafa kwana uku, yini da dare na farko na karramawa ta musamman, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma an hana baƙo ya daɗe har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. A zangunan fatake, daga Sabo ta Ibadan zuwa Kumasi, maigida shi ke sauke ɗan kasuwa, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa a ciniki. Baƙo a wancan tsari yana ƙarƙashin idon wani da ya san asalinsa. Otal ya kawo sauƙi na gaske, ya ɗauke wa dangi nauyi a birnin da ɗaki ke tsada, amma ya cire wannan ido. Mutumin da duk unguwarsu ta san shi da sahun gaba yakan sami kansa a hawa na biyar, da makulli a hannu, babu wanda ya san sunan mahaifinsa. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, da wani ya zo yaba wani mutum a gabansa, ya tambaye shi ko ya taɓa tafiya da shi ko cinikin kuɗi ya taɓa haɗa su. Tafiyar aiki ta haɗa jarrabawar nan guda biyu a kwana uku. Ba banza ba ne jumhurun malamai, har da Malikiyya, suka ce wanda ya fita don saɓo ba shi da rabo a rangwamen tafiya.

Game da abinci, shari'a ba ta son waswasi. A garin da Musulmi suke da yawa kuma mahautansa galibi Musulmi ne, asalin naman kasuwa halal ne, kuma aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta abincin Ma'abota Littafi. Nana A'isha ta ruwaito cewa wasu sun tambaya game da naman da ake kawo musu ba su san ko an ambaci sunan Allah a kansa ba, aka umarce su su yi bisimilla su ci. Tambaya tana zama dole ne inda akwai dalili a fili, kamar gidan abincin da ke dafa naman alade ko yake sa giya a girki. Abin da ya fi yawan faruwa shi ne liyafar aiki da ake ajiye kwalaben giya a kan teburi, kuma akwai hadisin da ya hana mumini zama a irin wannan teburi. Mafi yawan lokuta ana iya neman wani teburin cikin ladabi ba tare da an ɓata wa kowa ba. Sai kuma almubazzaranci, wanda ya fi sauƙin aukuwa idan wani ne zai biya: faranti a cika shi da shinkafa da kaza da kifi, a ci rabi, a tura saura. Aya ta 31 a Suratul A'araf, wadda ta halatta ci da sha ta hana ɓarna, ba ta ware abincin da ofis ya biya ba.

Hukuncin komowa shi ne na ƙarshe. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Muwaɗɗa ya siffanta tafiya da yanki na azaba saboda tana hana mutum cinsa da shansa da barcinsa, ya kuma yi umarni da gaggauta komawa ga iyali idan buƙata ta biya. Ƙarin kwana don hutawa ko ziyarar dangi halal ne idan mutum da kuɗinsa zai yi, da sanin wurin aikinsa da iyalinsa. A hanyar dawowa matafiyi yana ci gaba da ƙasaru har ya iso gidajen garinsa ko ya yi kusa da su. Sallar da ta kuɓuce masa a tafiya, a wurin Malikiyya, raka'a biyu zai rama ta ko da ya riga ya iso gida, wadda kuma ta kuɓuce masa a gida zai rama ta huɗu ko da a kan hanya ya tuna.