Tsami a Teburin Godiya

A Amurka, ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, iyalai kan taru su ci talotalo da miyar kiranberi, wani ɗan itace ja mai tsananin tsami, wanda sai an dafa shi da sukari yake ciyuwa. Wani gida ta gwangwani suke so. Wani kuwa sai irin dahuwar marigayiya kaka, ana ci ana duban kujerarta babu kowa.

Ku lura, a 1863 Shugaba Linkon ya ayyana ranar godiya ta ƙasa, yaƙin basasa yana cinye 'ya'yansu. Ubangijinmu ma ya yi godiya bisa gurasa, alhali mai bashe shi yana zaune tare da shi. Daga kalmar godiya ta Helenanci muka samo sunan Yukaris.