Marsiyar Yaron Zango da Ya Kwanta a Bama, da Sharhinta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai rayawa, Mai kashewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Yaron zango ya aje allo da tawada,
Ya ɗau bindiga, ƙasa mai nisa ta kira shi.
Ba mu ɗau makara ba, ba mu haƙa kushewa ba,
Wanda Ya halicce shi Ya san inda Ya aje shi.
Uwa ta tsufa tana duban hanyar Kumasi,
Ya Allahu Ka sada su a Aljanna, Ka jiƙan shi.

Sharhi

Ya 'yan'uwa, wanda nake nufi da yaron zango shi ne ƙanen mahaifina. An ɗauke shi soja nan Tamale zamanin yaƙin Hitila, cikin rundunar Gwalkwas, wadda Hausa ce harshen barikinta. Aka kai su Indiya a jirgin ruwa, daga can sai Bama, su yaƙi Japan. Ya faɗi a yaƙin Myohaung cikin Janairun 1945, bai ko yi aure ba.

Almajirai sun tambaye ni mas'ala biyu a kansa. Ta farko: shin shahidi ne, ga shi ya mutu ƙarƙashin tutar Nasara? Na ce: ba mu yanke masa shahada, domin ita tana rataye da niyya, niyya kuwa a zuciya take, Allah kaɗai ke ganinta. Haka nan ba mu hana shi addu'a, domin Musulmi ne mai salla, wanda kuwa ya mutu da kalmar shahada ɗan'uwanmu ne ko'ina ya kwanta.

Ta biyu: ko a yi masa sallar ga'ibi? Ku sani, a mazhabarmu ta Imamu Malik ba a yin ta. Sallar da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi wa Najjashi sarkin Habasha a shekara ta 9 bayan hijira, malamanmu sun ce keɓantacciya ce gare shi.

To, me ya rage a wuyanmu? Addu'a, da sadaka, da sada zumuntarsa. Gwamnati tana busa ƙaho ran 11 ga Nuwamba, Turawa kuma sun sassaƙa sunayen waɗanda ba a san kabarinsu ba a Taukkyan, kusa da Rangun. Amma dutse ba ya roƙa wa mamaci gafara. Yawancin waɗannan samari ba su bar ɗan da zai yi musu addu'a ba, saboda haka mu ne 'ya'yansu. Na hore ku, in kun idar da wazifa, ku sa su cikin Fatiha.

Allah Ya gafarta musu, Ya kyautata ƙarshenmu. Amin. Tammat bi hamdillahi.