Shin Gajeriyar Tafiya Tana Iya Zama Ibada?

Malamanmu na dauri, waɗanda suka karantar da Ihya'u na Imam Gazali a zaurukan Kano da Katsina, sun kasa tafiya gida biyu: akwai ta ƙafa, wadda ake ƙidayawa da zango, akwai kuma ta zuciya, wadda ba a auna ta sai da abin da bawa ya ƙaru da shi na ma'arifar Mahaliccinsa. To, da yake Alƙur'ani mai girma ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a yi i'itibari, sai mas'ala ta taso: shin matafiyin nesa ne kaɗai ke cika wannan umarni, ko kuwa wanda ya fita bayan la'asar, ya zaga gonar dabinon da ke bayan unguwa, ya komo kafin magariba, shi ma yana da nasa rabo?

Gurda, wadda ita da Jadid da Hajara ne tsofaffin ƙauyukan da suka haɗe suka zama birnin Sabha a Fezzan, wuri ne da ya dace a warware wannan mas'ala, domin cike take da mutanen da suka sha tafiya. Ta Fezzan ayarin Barno da na Kano suka riƙa bi zuwa Tarabulus, ta Murzuƙ kuma Bature matafiyi Barth ya ratso a 1850 kafin ya isa Kano a 1851. Yau kuwa 'yan'uwanmu ne ke tasowa daga Agadas ta Dirku da Madama da Gatrun, fiye da kilomita 1,000, a bayan Hilux, kowa da jarkarsa da sandar da ya maƙale tsakanin ƙafafu don kada ya faɗo. Amma in ka tambayi ɗayansu abin da ya gani, ƙishirwa da ƙura da fargaba zai ambata maka, ba kuwa laifinsa ba ne, domin zuciyar da tsoro ya cika ba ta da gurbin tafakkuri.

Shi kuwa wanda ya shiga gonar dabino a natse, ko da takunsa bai wuce na zuwa masallacin Juma'a ba, zai ga ruwan da aka jawo daga rijiya yana bin ƙaramin magudani yana jiƙa gindi bayan gindi, alhali taku kaɗan daga nan gishiri ya yi wa ƙasa farin ɓawo. Zai ga dabino ya yi wa rumman inuwa, rumman ya yi wa albasa da ciyawar dabbobi. In kuwa ƙarshen hunturu ne, zai ga manomi ya hau bishiya yana cusa furen namiji cikin na mace, domin Allah, da yake Ya ga dama, Ya rataya albarkar wannan itace a kan sababi daga hannun ɗan Adam. Wanda ya dubi wannan da idon basira ya karanta babi guda na tauhidi ba tare da ya buɗe littafi ba.

Masu cewa yawo lagwu ne, su tuna ƙa'idar da fuƙaha'u suka tabbatar, cewa mubahi yana komawa ibada da kyakkyawar niyya. Sai dai niyyar ba ta wadatarwa idan babu wurin da za a taka. Shari'a ba ta gafala daga wannan ba, domin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya haramta sare itatuwan Madina, ya kuma keɓe hurumin Naƙi'u. Sayyidina Umar shi ma ya keɓe Rabaza, kuma Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa ya umarci mai tsaron hurumi da ya gabatar da mai 'yan dabbobi kaɗan a kan masu manyan garkuna. Hurumin gari da burtali a ƙasar Hausa ma a kan wannan maslaha suka ginu.

A Fezzan lamarin ya fi tsanani, domin ruwan sama bai taka kara ya karya ba, na ƙarƙashin ƙasa kuwa tsohuwar ajiya ce da ba ta sabuntuwa, ga shi tun 1996 ana tura na yankin Hasawna zuwa Tarabulus. Saboda haka hukuncin a bayyane yake: gajeriyar tafiya ibada ce ga mai niyya, tsare wurinta kuwa haƙƙi ne a wuyan jama'a. Ya kai mai karatu, ko a Gurda kake ko a Maraɗi, ka fita ka duba, kuma idan aka zo yanka hurumin unguwarku filoti-filoti, kada ka yi shiru.