Kada Mu Mayar Da Majinyaci Ɗan Ƙwaya

Akwai wani zalunci da ake yi a gidajenmu da sunan gyara, kuma galibin masu yin sa da kyakkyawar niyya suke yi. Matar aure ce ko magidanci ya yi ta fama da fargaba da faɗuwar gaba da rashin barci, ya je asibiti, likita ya rubuta masa diazepam, wato Valium, ko bromazepam da ake sayarwa da sunan Lexotan. Ya yi watanni yana sha yadda aka ce. Ranar da 'yan uwa suka ga kwalin, sai salati ya tashi: "Ashe ƙwaya kake sha!" A ƙwace, a zubar a masai. Bayan 'yan kwanaki jiki ya ɗauki rawa, gumi ya keto, barci ya ƙaurace, sai a ce ai ga shaida nan.

Wallahi ba shaida ba ce. Waɗannan magunguna suna ƙara ƙarfin wani sinadari na ƙwaƙwalwa mai suna GABA, wanda aikinsa shi ne kwantar da jijiyoyi. Idan aka daɗe ana sha, ƙwaƙwalwa takan saba, ta jingina da maganin. A janye shi farat ɗaya, sai jijiyoyi su tashi babu mai tsawata musu. Wannan sabo yana iya samun liman, yana iya samun gyatumar da ba ta taɓa ƙetare umarnin likita ba. Kuma yankewar gaggawa tana iya kai mutum ga jijjiga irin ta farfaɗiya, har ta yi ajalinsa. Don haka likitoci ke rage shi kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni. Mai zubar da maganin wani da ransa yake wasa.

Jarabar ƙwaya kuwa a hali ake gane ta. Mai ita yana kwana yana tashi da kwaɗayin abin. An ce ɗaya da dare, yana shan huɗu da rana. Yana yawo kemis-kemis, yana ƙarya cewa takardarsa ta ɓata, yana haɗawa da tramadol ko kodin don ya yi caji, alhali haɗin nan yana iya tsayar da numfashi. Sana'a ta lalace, aure ya girgiza, ya gani da idonsa amma ya kasa tsayawa. Majinyacin da jikinsa ya saba kawai, sau da yawa shi da kansa ke tambayar likita yaushe za a sauke masa.

Na san dalilin tsoronmu. Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma a shekarar ce gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Kowace unguwa tana da yaron da ƙwayar D5 ko Roche ta cinye. Amma wanda maciji ya sara, bai kamata ya kashe ɗan maƙwabci don ya gan shi da igiya ba. Ko shi mai jarabar ma marar lafiya ne, magani yake buƙata. Mun ga inda mari da sarƙa suka kai mu a Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gidan horo a Rigasa, Kaduna.

Iyaye da mazaje, in kun ga maganin da bai kwanta muku ba, ku ɗauki kwalin da mai shi ku koma wurin likitan da ya rubuta. Ku tambaya: har yaushe za a sha, yaya za a sauke? Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, kuma zuwa can ba hauka ba ne.

Likitoci, ku ma da naku. Ƙa'idar waɗannan ƙwayoyi mako biyu zuwa huɗu ce. Sabunta takarda wata bayan wata ba tare da an zauna da majinyaci an faɗa masa cewa jikinsa zai saba ba, sakaci ne. Masu kemis kuwa, ku ji tsoron Allah, ku daina miƙa wa kowa diazepam don ya ce bai yi barci ba. Ku nemi takardar likita, in babu ku tura shi asibiti.